Madannin da Yaya yake kashewa

Talata, dare.

Yayyafi ya tsare mu a gareji, ni da Yaya da Kawu, muna jiran a sa wa motar Yaya sababbin tayoyi biyu. Da farko raha ake ta yi, har Kawu na tsokanar yaron gareji. Can hira ta gangaro kan santsi, sai Yaya ya ce shi da zarar ya tayar da mota, madannin nan yake fara dannawa ya kashe na'urar hana zamewa, wai tana riƙe masa ƙafa, ya taka totur ta hana shi wuta. "Don 'yan koyo aka yi ta," in ji shi, yana kallona.

Na ce, "Yaya, motarka fa da ƙafar baya take turi, ga inji kamar me. Inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba." Riƙon taya kamar kuɗin aljihu yake, abin da ka kashe wajen shan kwana ba za ka sake samunsa a totur ba. Ka matsa mata a tsakiyar kwana, tayoyin baya su hau juyi a banza, bayan motar ya fita ya nemi wuce gabanta. Yaya ya yi dariya ya ce ai daɗin kenan, ka juya sitiyari bangaren da bayan ya tafi, shi kenan.

Kawu, da tun ɗazu bai sa baki ba, ya ce, "Ku yaran nan, zamewar farko kowa na iya tarewa. Dawowar ce ke kai mutum rami." Ya ce idan baya ya kwashe, tsoro kan sa direba ya cire ƙafa daga totur gaba ɗaya. Nauyi sai ya koma gaba, baya ya ƙara sauƙi. Daga nan tayoyin su cafki kwalta farat ɗaya alhali sitiyari na murɗe, motar ta yi jifa da kai ɗaya bangaren da ƙarfin da ya fi na farko. Ya kawo misalin Porsche 911 Turbo ta 1975, wadda injinta ke can bayan ƙafafun baya, turbo ɗinta kuma, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, sai ya yi jinkiri sannan ya zubo ƙarfi lokaci guda. Har laƙabi aka yi mata da mai sa matan aure takaba. Ya ƙara da cewa irin wannan yayyafin na bayan an daɗe ba ruwa ya fi mamako haɗari, don yana tayar da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta bai wanke su ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Yaya ya raina na'urar. Mercedes da Bosch suka fito da ita a 1995, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota tun 2014. Tana duba inda sitiyari ya nufa, ta duba inda motar ta dosa, in sun saɓa ta kama birkin taya ɗaya tak, ta gaba da ke ɓangaren waje na kwanar idan baya ne ya fita. Direba birki ɗaya gare shi na tayoyi huɗu. Duk gwanintar Yaya ba shi da ƙafar da za ta yi wannan. A filin tsere, inda babu mai tahowa, ya kashe abarsa ya sha wasa, ba ruwana.

Sai kuma ya ce a sa sababbin tayoyin a gaba. Na ce masu ƙera taya irin su Michelin baya suke cewa a sa, domin in gaba ya zame kana ji a hannunka ka sassauta, in baya ya zame sai dai ka ga duniya na juyawa. Na baya kuwa sun kusa sudewa, na sa yatsa na ji. Ya ce gaba ke da sitiyari, kuma ya riga ni fara tuƙi. A nan na ja bakina. A gaba aka sa.

Sauran yinin ba wani labari. Ciwon kan ya lafa. Wayar Anti ban ɗaga ba, don na san da na ɗaga zan kai ƙara, gobe kuma a motar za a kai yara.

Raina dai a jagule yake. Kawu ya ce in bar masa, zai kira shi da safe kafin ya fita, ko da tayoyin kaɗai ne a sauya musu wuri. Maganar madannin, ya ce sai a hankali.