Ranar da na tsayar da ciniki a reshe uku da umarni ɗaya

Wurin da nake kula wa da kwamfutoci yana da rassa uku a Kano: Sabon Gari, Hotoro da Kabuga. Na'urorin masu karɓar kuɗi duk Windows ne, sabar da ke riƙe da lissafin kaya kuwa Ubuntu ce, wani nau'in Linux. A da, in za a sa sabuwar manhaja, sai in zura filashi a aljihu in tare Adaidaita Sahu, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wahalar hanya ce ta fi damuna ba. Bayan wata biyu sai in tarar kowace na'ura ta kama gabanta: wannan na gyara mata saiti, waccan na manta.

Shi ya sa na koma Ansible, manhajar sarrafa kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015. Abin da ya ja ni shi ne ba sai an dasa wata manhaja mai jiran umarni a kowace na'ura ba, kamar yadda aka saba da Puppet, wata manhaja mai irin aikinsa. Yana shiga Linux ta SSH, Windows kuma ta WinRM, wato hanyoyin ba kwamfuta umarni daga nesa. Shi kansa ba ya zama kai tsaye a kan Windows, don haka ta WSL, mai ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows, na girka shi a kwamfutata. Ɓangaren Ubuntu da yamma ɗaya na gama. WinRM kuwa sai da ya ci mini mako guda, tsakanin takardar shaidar tsaro da buɗe ƙofar sadarwa mai lamba 5986.

Daɗinsa, ba matakai kake lissafa masa ba. A fayil ɗin YAML kake rubuta yadda kake so na'ura ta kasance. In ya tarar haka take, ya wuce. In ba haka ba, ya gyara. Na raba na'urorin rukuni biyu, Ubuntu na karɓar manhaja ta apt, Windows ta Chocolatey, wato kayan girka manhajoji.

Wata Laraba da hantsi na rubuta aikin sabunta Windows, na yarje masa ya sake kunna na'ura in ya gama. Niyyata in gwada a kan guda ɗaya, amma sunan rukunin gaba ɗaya na bari a fayil ɗin. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, daga ɗaya daga cikin rassan.

"Injiniya, lafiya? Kwamfutoci duk sun ɗauke, ga mutane a tsaye da kaya a hannu."

"Ranka ya daɗe, daga wajena ne. A yi haƙuri, a bar su a kunne."

Kusan awa guda da biro ake rubuta rasit. A Hotoro aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, na'ura ɗaya ta ƙi tashi, sai da na je da ƙafata. Na ji kunyar masu karɓar kuɗin nan ƙwarai, domin su suka sha faɗan kwastomomi a kan laifin da ba nasu ba.

Tun daga ranar, ba na tura komai sai na fara da --check, ya nuna mini abin da zai taɓa. Daga nan in sa --limit, in taƙaita aikin a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburina. In ta tsira, sai serial: 1, wato na'ura ɗaya ta gama kafin a taɓa ta gaba. Kalmomin sirri kuma na kulle su da ansible-vault.

Lokaci ne ya fi ba ni wuya. Da dare an kashe komai an tashi, Ansible ba zai samu kowa ba. Sai muka daidaita da manajoji: ranar Juma'a, in za a rufe a tafi masallaci, a bar na'urori a kunne a kan inbata. Ina saita aikin da cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, kafin in fita alwala, in na dawo in duba waɗanda suka amsa da waɗanda ba a samu ba.