Abin da Yashe Magudanar Ruwa Ya Koya Mini a Japan

Na tafi Japan ne domin karatun fasahar ban ruwa, kuma a ranar da jirginmu ya tashi babu abin da ke raina sai injuna: manyan famfuna, ƙofofin ruwa masu buɗe kansu, da motocin dashen shinkafa da na daɗe ina gani a hotuna. Na shafe shekara biyu a lardin Niigata, wanda ke gaɓar tekun da ke yammacin tsibirin Honshu, lardin da ya yi fice wajen noman shinkafa a faɗin ƙasar. Injunan duk na gan su, wasu ma na koyi sarrafa su, amma idan yau aka tambaye ni abin da ya fi zauna mini a rai, abin da nake fara tunawa shi ne wata safiyar Lahadi ta watan Afrilu da na tsaya cikin laka da shebur a hannu, tare da dattawan wani ƙauye, muna yashe magudanar ruwa.

Malamin da ya duba bincikena bai bar ni na taɓa kowace na'ura ba a makonnin farko, sai dai ya shimfiɗa mini taswira ya ce in zauna da ita har in fahimci ƙasar da ruwan yake gudana a kanta. Faɗin Japan ya kai kusan murabba'in kilomita 378,000, wato bai kai rabin Najeriya ba, kuma mafi yawansa yana kan manyan tsibirai huɗu: Honshu, Hokkaido, Kyushu da Shikoku. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan fili duwatsu ne da tsaunuka, daji ya rufe kusan kashi biyu cikin uku, abin da ake nomawa kuwa bai wuce kusan kashi 12 cikin 100 ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 120. Kogunansu gajeru ne masu gangara, domin kogin Shinano, wanda ya fi kowanne tsawo, kilomita 367 ne kawai, yayin da kogin Kwara da muka sani ya haura kilomita 4,000. Ruwan da ya sauka a kan tsauni yau, ko dusar ƙanƙarar da ta narke, ba ya jinkiri kafin ya kai teku, saboda haka manomin can yana zaune ne tsakanin ambaliya da ƙarancin ruwa, wani lokaci ma duka biyun su same shi a damina ɗaya.

Na yi mamaki da na karanta tarihin filin Niigata kansa, domin wanda ya ga gonakin a yau, jere reras kamar an auna su da rula, ba zai taɓa zaton cewa a da fadama ce mai dausayi ba. Kakannin manoman yanzu suna shiga laka har ƙugu, a wasu wuraren har ƙirji, kafin su dasa shinkafa, kuma da ƙananan jiragen ruwa suke kwaso girbi. Shinkafar ba ta da daraja a lokacin, har ana yi mata laƙabi da shinkafar da tsuntsu ke tsallakewa. Tun zamanin mulkin gidan Tokugawa mutanen yankin suke roƙon a haƙa wa kogin Shinano wata hanya da za ta kwashe rarar ruwansa zuwa teku, amma sai bayan mummunar ambaliyar 1896 aka ɗauki maganar da muhimmanci, kuma sai a 1922 ruwa ya fara bi ta sabuwar hanyar da aka haƙa, wato mashigar Okozu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa manyan famfunan da suka janye ruwan dausayin, sannan irin Koshihikari, wanda aka raɗa wa suna a 1956, ya mayar da shinkafar lardin abin alfahari. Wannan tarihi ya sa na daina kallon kyawun gonakin a matsayin baiwar ƙasa, na fara kallonsa a matsayin wahalar da zuri'a bayan zuri'a ta sha ba tare da yawancinsu sun ga ƙarshenta ba.

A ƙauyen da nake gwajin bincikena, kafin a saki ruwan dashe a kowace shekara, akan tsayar da rana guda da kowane gida zai aiko da mutum ɗaya domin a kwashe laka da ganyaye da ciyawar da suka taru a magudanai tun lokacin sanyi. Suna kiran aikin ezarai, kuma gidan da bai aiko da kowa ba yakan biya wani abu a asusun ƙauye. Dattijon da nake aiki a gonarsa, wanda a lokacin ya haura shekara saba'in, shi ya ara mini dogayen takalman roba, ya kuma nuna mini inda zan tsaya. Ba a yi wa kowa jawabi ba, ba a kuma kira sunan wanda ya makara ba. Kowa ya san sashensa, kuma kafin hantsi ya ɗaga an gama. Da muka zauna shan shayi a bakin hanya na tambaye shi abin da ya sa mai gona a can sama, wanda ruwa ke fara isa gare shi, yake sauko da shebur har ƙasan ƙauye. Ya amsa mini a taƙaice cewa ruwan da ya fita daga gonar wani shi ne ke shiga gonar maƙwabcinsa, kuma a shekarar fari, lokacin da ake raba ruwa bi da bi a tsarin da suke kira bansui, na sama ma sai ya jira ranarsa.

Na daɗe ina kwatanta wannan da aikin gayya da na taso na gani a garinmu, kuma a ganina akwai bambancin da ya cancanci a tsaya a kansa. Gayya tamu ana yin ta ne domin gonar mutum guda, shi ya gayyata, shi zai ciyar, kuma kowa ya san wanda ya yi wa alheri. Su ma Japanawa suna da irin wannan, suna kiransa yui, da shi suke dashe a da, da shi kuma ake sake jinkar manyan gidajen ciyawa na ƙauyen Shirakawa. Yashe magudana kuwa aiki ne a kan abin da ba na kowa ba ne shi kaɗai, babu mai gayyata, babu wanda zai yi maka godiya ta musamman, kuma irin wannan aikin ne na lura ya fi saurin mutuwa a wurinmu.

Kada a ɗauka cewa an haifi Japanawa da wannan hali ne, kamar yadda ni kaina na ɗauka kafin in je. Tarihi ya tilasta musu shi. A zamanin Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, da shinkafa ake auna arzikin sarakunan larduna, da ma'aunin koku, wanda ya kai kusan lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Harajin kuwa a kan ƙauye gaba ɗaya ake ɗora shi, ta yadda idan gida ɗaya ya gaza, sauran ne za su cike giɓin, don haka gonar maƙwabcinka ta zama damuwarka ko kana so ko ba ka so. Wanda ya karya dokar ƙauye akan ƙaurace masa, horon da ake kira murahachibu, kuma ana cewa ba a sake shiga harkarsa sai idan gobara ta tashi a gidansa ko an yi masa rasuwa. Bayan yaƙi, a ƙarƙashin mamayar Amurka, aka sayi gonaki daga manyan masu ƙasa aka sayar wa waɗanda ke noma su, har filayen haya suka ragu daga kusan rabin gonakin ƙasar zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Dokar 1949 ta kafa ƙungiyoyin manoma masu kula da ban ruwa, waɗanda ke zaɓen shugabanninsu, suke karɓar kuɗi daga kowane manomi gwargwadon faɗin gonarsa, kuma ba a fara babban aiki sai kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa sun amince. Gwamnati takan zuba kuɗi a manyan gine-gine, amma ƙaramar magudanar da ke bayan gida ta mutanen ƙauye ce, kuma sun san haka.

Darasin da ya fi yi mini ciwo ya zo ne a shekarata ta farko, lokacin da na so in kafa na'urorin auna ruwa a wasu ƙofofin magudana. Na shirya alƙaluma da zane-zane, na kai maganar gaban taron manoma kai tsaye, ina da yaƙinin cewa hujjata ta isa. Aka saurare ni cikin ladabi, aka yi shiru mai tsawo, sannan shugaban taron ya ce abin yana da ɗan wuya, za su duba. Na koma ina jiran amsa har mako uku, kafin malamina ya fahimtar da ni cewa amsar ke nan aka ba ni tun a ranar, domin a bakin Bajapane, cewa abu yana da ɗan wuya sau da yawa yana nufin a'a. Ya koya mini kalmar nemawashi, wadda asalinta daga masu lambu ne, waɗanda kan haƙa kewayen saiwar bishiya tun da wuri kafin su cire ta su dasa a wani wuri. Ma'anarta a harkar mutane ita ce ka bi kowa ɗaya bayan ɗaya, ka ji damuwarsa, ka gyara shawararka, ta yadda ranar taro ba za a ba kowa mamaki ba. Na bi gidaje bakwai cikin wata guda, kuma a gida na uku ne na gano cewa tsoronsu shi ne kada alƙaluman su fallasa wanda ke ɗibar ruwa fiye da rabonsa, su tayar da tsohuwar rigimar da aka sha wuya kafin a binne. Da na yarda cewa sakamakon zai fito da sunan magudana ne ba da sunan gona ba, aka amince cikin minti kaɗan. Abin da ya dame ni daga baya shi ne cewa na san wannan tun a gida, inda ba a shiga unguwa da sabon aiki sai an gaida mai unguwa da liman da dattawa, amma karatun boko ya sa na ɗauke shi ɓata lokaci.

Na ga inda ake shuka wannan tarbiyya a makarantar firamaren yankin, inda yara da kansu ke share azuzuwa da goge daɓe kowace rana, su kuma raba wa junansu abincin rana. Haka nan ana yi musu atisayen tserewa daga girgizar ƙasa, musamman a kusa da ranar 1 ga Satumba, wadda aka keɓe domin tunawa da girgizar 1923 da ta hallaka mutum fiye da 100,000 a Tokyo da kewayenta. Mutanen Niigata ba su manta da girgizar Chuetsu ta 2004 ba, wadda ta zabtare gonakin kan tudu ta toshe koguna. Ko gaisuwar da suke yi wa juna bayan aiki, otsukaresama, tana ambaton gajiyar mutum ne cikin girmamawa, kuma duk lokacin da na ji ta sai in tuna da namu sannu da aiki da ina gajiya.

Ba zan yi adalci ba idan na ɓoye cewa tsarin yana da nauyi a wuyan masu ɗauke da shi. Suna da karin magana cewa turken da ya fi sauran tsawo shi ake bugawa, kuma na ga matasan da suka bar ƙauye zuwa Tokyo saboda sun gaji da idon jama'a, ko da yake a birnin ma tsananin aiki ya kai har an ƙirƙiri kalmar karoshi domin mutuwar da yawan aiki ke jawowa. Yawan jama'ar ƙasar ya kai ƙololuwa a kusan miliyan 128 wajen 2008, tun daga nan yake raguwa, kuma kusan kashi 29 cikin 100 sun kai shekara 65 ko fiye. Matsakaicin shekarun manoman da noma ne babbar sana'arsu ya doshi saba'in. Shinkafar da mutum ɗaya ke ci a shekara ta sauko daga kilo 118 a 1962 zuwa kusan kilo 50, kuma ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan tara da babu kowa a cikinsu. A ranar yashe magudanarmu ta biyu na duba sahun masu shebur, na ga ni ne mafi ƙarancin shekaru da tazara mai yawa.

Da na dawo gida na kama aiki a wani shirin noman rani, inda na tarar da kachalla ta cinye magudanai, manoman ƙarshen layi suna kukan rashin ruwa, na farkon layi kuma suna jiran hukuma ta aiko da mota. Ba ni da kuɗin famfo ko na'ura, don haka na fara da bin manoma gida gida bayan sallar la'asar, ina rubuta sunan kowa da faɗin gonarsa da ƙorafinsa, har muka tsayar da ranar yashe guda kafin a saki ruwa. A shekarar farko na ƙarshen layi ne kawai suka fito da yawa, kuma har yanzu muna ta fama da na sama, ko da yake wasunsu sun fara aiko da 'ya'yansu.

Japanawa suna da al'adar aika wa juna katin gaisuwa a farkon sabuwar shekara, kuma dattijon nan bai fasa aiko mini da nasa ba tun da na dawo. A na bara ya rubuta cewa gwiwoyinsa sun gaza, ya miƙa gonarsa ga wata ƙungiyar noma da ke haɗa filayen tsofaffin ƙauyen tana noma su da manyan injuna, domin ɗansa yana Tokyo kuma ba shi da niyyar dawowa. A ƙasan katin ya ƙara da cewa a watan Afrilu zai fita ranar yashe magudana duk da haka, tunda gidansa na cikin lissafi, ko da abin da zai iya bai wuce riƙe wa masu shebur buhun zuba laka ba.