Kafin ma ta san tana da ciki

Ƙanwata ta haihu watan jiya, namiji, ya zo da tsagar leɓe ta gefen hagu har ta taɓo hanci. Ranar barka wallahi ban ji daɗin zaman ɗakin ba, gwaggon mijin na cewa ai ta sha faɗa mata ta daina fita tsakar rana da tsohon ciki, wata kuma wai ƙila ta taɓa yi wa mai irin wannan dariya ne, ita dai maijego ta sunkuyar da kai tana ta hawaye. Na so in yi magana amma gidan surukai ne, na haɗiye.

To tsohon cikin nan da ake ta magana shi ne ya fi ba ni haushi, don leɓe tun cikin yana sati 6 zuwa 7 ya gama haɗuwa, lokacin ɗan tayin bai ma fi ƙwayar wake ba, mata da yawa ba su ma ankara da ɓatan wata ba. Fuskar mutum ba a dunƙule take farawa ba. Tsoka ce kashi biyar, ɗaya na saukowa daga goshi, biyu daga kumatu, biyu su yi haɓa, duk su taho su haɗu a tsakiya. Taɓa ɗan kwarmin nan da ke ƙasan hancinka ka ji, nan ne mahaɗar, kowa na ɗauke da alamar ɗinkinsa. Ita ganɗa, rufin baki kenan, sai daga baya, ɓari biyu ne ke ɗagowa sama da harshe su manne wajen sati 8 zuwa 12. In haɗuwar ba ta cika ba sai tsaga ta saura. Shi ke nan fa.

Mai ba da umarnin wannan haɗuwar ƙwayoyin gado ne, kuma rabi daga uwa rabi daga uba, wannan nake so dangin miji su riƙe. Wadda aka fi sani sunanta IRF6, tana kan kromosom na 1 (kromosom shi ne ƙunshin da ƙwayoyin gado ke zaune a kai), a 2002 aka gano ita ce ke jawo ciwon gadon da ake kira Van der Woude, sunan wadda ta yi bayaninsa a 1954. Masu shi sukan samu wasu 'yan ramuka ƙanana a leɓen ƙasa, wani ramukan kawai gare shi bai ma san komai ba ne, ya haifi ɗa da cikakkiyar tsaga, don duk haihuwa yiwuwar ya ba ɗan ƙwayar kashi 50 ce cikin 100. Shi ya sa da muka je asibiti likita ya duba leɓen ƙanwata ya juya ya ce "maigida, kai ma buɗe mu gani". Gwaggo ta haɗe rai sosai. Ba a samu komai ba a su biyun, amma ni dubawar ma ta yi min daɗi.

Yawanci ma ba ƙwaya ɗaya ba ce, kusan kashi 70 na masu tsagar leɓe ba su da wata larura tare da ita, ƙananan bambance-bambance ne da yawa suke taruwa daga nan da can sai a yi rashin dace. Ko tagwaye masu kama ɗaya sak, DNA ɗinsu ɗaya, sau da yawa ɗaya ya zo da ita ɗaya lafiya lau, kenan ba gado kaɗai ba ne. Taba sigari, ciwon suga tun kafin ciki, da wasu magungunan farfaɗiya irin su valproate suna ƙara haɗarin, amma don Allah mai farfaɗiya kar ta yanke magani da kanta, ta ga likita tukuna. A duniya ana lissafin kusan jariri 1 cikin 700, tsagar leɓe ta fi yawa a maza kuma ta fi zuwa a hagu kamar ta yaronmu, ta ganɗa ita kaɗai kuma ta fi samun mata.

Wata maƙwabciya har tana cewa ko cutar noma ce. A'a, noma bayan haihuwa take kama yaro ta cinye masa kunci, rashin abinci mai gina jiki ke buɗe mata ƙofa, ba haɗi.

Shi yaron ganɗarsa a haɗe take, alhamdulillahi, yana kama nono in an ɗan gyara masa zama. Likita ya ce in ya kai wata 3 kuma nauyinsa ya yi za a yi aikin leɓen, akwai ƙungiyar Smile Train da ke ɗaukar nauyin irin wannan tiyata kyauta a asibitoci da dama a Najeriya. Yanzu aikin ƙanwata kawai ta shayar da shi ya yi ƙiba. Jiya ta turo min hotonsa a WhatsApp ba ta rufe bakin da zani ba.