Madarar Baba da nonon ƙwarya

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau ce ranar komawar Baba asibiti, don haka na nemi izini a makaranta, wata abokiyar aikina ta riƙe mini darasin safe. Sakamakon gwajin jini ya fito. Sukari lafiya lau, ƙoda ma haka, alhamdu lillahi. Sai dai hawan jinin bai sauka yadda ake so ba, kitsen jini da suke kira kwalastarol ya haura, ga nauyinsa ya ƙaru tun da ya bar zuwa kasuwa kullum. Likita ya bar shi a kan magungunansa, ya tura mu ɗakin jami'ar kula da abinci.

Mace ce mai haƙuri. Ba ta fara da hani ba, sai da ta sa Baba ya lissafa mata abin da yake ci daga asuba zuwa kwanciya. Da ya zo kan shayi ta tsayar da shi. Baba yana shan shayi mai kauri safe da dare, madara cokali a cike har sai ya yi fari tas, ga furar rana da kindirmo. Ta ce, "Baba, ba zan raba ku da madara ba, jikinku yana buƙatarta. Irin madarar kawai za mu sauya, ku koma wadda aka cire wa maiƙo."

Baba ya gyara zama ya ce, "'Yata, madarar da aka cire wa mai ai farin ruwa ce. Me ya rage a cikinta?"

Ta ɗauko takarda ta zana kofi biyu. Na kwafe abin da ta rubuta a bayan katin asibiti, don ina so in kai wa ɗalibaina. Kofi ɗaya na madarar shanu mai cikakken maiƙo, kamar mililita 240, yana da maiƙo wajen giram 8 da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 150. Kofi ɗaya na wadda aka cire wa maiƙo bai kai rabin giram ba, kalorinsa kuma tsakanin 80 da 90. Bambancin ke nan. Furotin mai gina tsoka giram 8 ne a wannan, giram 8 a wancan. Kalsiyam mai riƙe ƙashi da haƙora wajen miligiram 300 ne a kowanne, alhali babban mutum yana buƙatar kamar 1,000 a rana, tsofaffi ma fiye da haka. Fotasiyam, wanda ke taimaka wa jiki wajen daidaita bugun jini, yana nan. Bitamin B12 da B2 suna nan. Dalili shi ne duk waɗannan a cikin ruwan madarar suke zaune, man da ke tasowa sama bai tafi da su ba.

Abin da ya sa ta damu da man, in ji ta, fiye da rabinsa irin kitsen nan ne mai daskarewa, wanda ke ɗaga mugun kwalastarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na rana. Ga mutum irin Baba, da ke shan madara sau uku a yini kuma yana cin nama da man shanu, shayin kaɗai ya cinye masa kaso mai yawa.

Ta kuma faɗi abin da ake rasawa, kuma na ji daɗin da ba ta ɓoye ba. Bitamin A da D da E da K a cikin mai suke narkewa, don haka abin da madara ke da shi na A yana bin man ya fita. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke mayar da A da D bayan sun cire maiƙon, kuma suna rubutawa a jikin gwangwani. Ta ce in duba in tabbatar kafin in saya, sannan a yawaita wa Baba zogale da alayyahu da karas.

Baba bai ce ya yarda ba. Ya dai ce, "To, Allah Ya sa mu dace," wanda a bakinsa yana nufin zai yi tunani.

Na sauke shi a gida na wuce neman madarar, kuma a nan rabin yinina ya tafi. Shagon farko babu. A na biyu yaron shago ya miƙo mini 'yar leda ya ce wannan ita ce marar nauyi, kowa ita yake saya. Da na juya bayanta na karanta, sai na ga madara ce da aka cire wa manta na asali aka zuba man itatuwa a madadinsa. Wannan ita ce mafi yawan madarar gari mai araha da ke cika shagunanmu, ta leda da ta awo. A Turai ake cire man, a yi bota mai tsada da shi, sannan a haɗa abin da ya rage da man kwakwar manja da aka tace, a busar, a turo Afirka ta Yamma a buhuna. Yawan maiƙonta yana kusa da na cikakkiyar madara, man kwakwar manjan kuma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa. Ban ce guba ce ba, mutane da yawa ita suke iya saya kuma tana da furotin da kalsiyam. Amma wanda likita ya ce ya rage maiƙo, in ya koma kanta yana zaton ya bi umarni, bai matsa ko'ina ba. Yaron bai san haka ba, kuma na tabbata yawancin masu saye ba su sani ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce ga wanda ya iya karatu. A teburin da ke bayan gwangwani a duba maiƙo a cikin giram 100 na gari. Cikakkiyar madarar gari tana da giram 26 ko fiye. Wadda aka cire wa maiƙo da gaske ba ta wuce giram ɗaya da rabi, kuma za a ga an rubuta "skimmed" a gabanta. Wadda aka zuba wa man itatuwa ana rubuta "filled", sau da yawa da ƙananan haruffa. Sai a wani babban kanti na samu ta gaskiyar, kuma kuɗinta ya sa na tsaya na yi lissafin albashina kafin na miƙa hannu.

Da na dawo bayan la'asar na tarar da Bafillatanar da ke kawo wa Umma nono tana zaune a tsakar gida, ta sauke ƙoranta. Shekaru da yawa suna tare, Umma ba ta kiranta da komai sai ƙawata. Ina ba Umma labarin asibiti, matar tana saurare, can sai ta buɗe faifan ƙwarya ɗaya ta ce, "Hajiya, in dai wanda aka cire wa mai ake nema, ai ga shi nan. Tsala ke nan."

Na ajiye ledar kanti na zauna kusa da ita. Ta bayyana mini yadda suke yi, ko da yake na sha gani tun ina yarinya. Ana tatso madara a tafasa, a bar ta ta huce, a zuba ɗan tsohon nono a rufe ta kwana. Da safe ta kama ta zama kindirmo, mai duk mansa a ciki. In ana son man shanu sai a juye a gora a yi ta kaɗawa har man ya tattaru ya zama curi, a kwashe shi a sa a ruwan sanyi. Abin da ya rage a gorar shi ne tsala. Aikin da injin kamfani ke yi ke nan. Injin dai yana juya madarar da gudu ne, ruwan mai nauyi ya koma gefe, man ya taru a tsakiya a zuƙe shi; wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustaf de Laval ne ya fito da irinsa a 1878. Matan ruga sun daɗe suna raba mai da nono kafin wannan shekarar. Gora ba ta kwashe man tas kamar inji, akwai ɗan abin da ke saura, amma mafi yawansa ya fita.

Abin da ya ba ni tausayi shi ne yadda muke raina tsala. A gidanmu in baƙo ya zo kindirmo ake dama masa fura da shi, tsala kuwa ana ganin na marar hali ne. Ga shi yau jami'ar asibiti ta kwatanta mana kusan shi ɗin, na je na biya kuɗi mai yawa a kan na gwangwani da ya tsallako teku. Tsala yana da wani amfanin kuma: da yake ya yi tsami, ƙwayoyin da suka kama shi sun cinye wani ɓangare na sukarin madara, don haka masu kumburin ciki ko gudawa in sun sha ɗanyar madara sukan fi jure shi. Cire maiƙo shi kaɗai ba ya rage wannan sukarin, giram 12 ɗin da ke kofi yana nan ko da mai ko babu.

Sharaɗi biyu na kafa, kuma na faɗa a gabanta don ba na son magana a bayan ido. Dole a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale da ke sa zazzaɓi mai dawowa. Kuma kada a ƙara ruwa ko garin kuka don ya yi yawa, domin ruwan da aka tsarma ba ya zuwa da kalsiyam. Ta ce ita tana tafasawa, kuma Umma ta shaide ta. Muka shirya za ta riƙa ware wa Baba nasa a ƙwarya daban.

Da magariba matar Yaya ta shigo da 'yarta, wadda ba ta daɗe da cika shekara ɗaya da rabi ba. Baba ya ɗauke ta yana cewa amaryarsa ta zo. Da uwar ta ji labarin sabuwar madara sai ta ce bari ita ma ta koma ba yarinyar irinta, tunda ta fi lafiya. Na ce mata, "Anti, don Allah kar ki yi." Ƙaramin yaro yana buƙatar mai. Ƙwaƙwalwarsa tana girma da sauri, cikinsa ƙarami ne, abin da zai ci kaɗan dole ya zo da ƙarfi mai yawa. Likitocin yara a Amurka suna cewa cikakkiyar madara daga shekara ɗaya zuwa biyu, a Ingila ma hukumar lafiyarsu ba ta yarda a mayar da marar maiƙo abin shan yaron da bai kai shekara biyar ba. Jariri kuwa nonon uwa zalla wata shida, kuma ba a mayar da madarar shanu abin shansa kafin ya shekara. A garin da muke ganin yara masu tamowa a asibitoci, ba na so ko da wasa maganar rage maiƙo ta shiga abincin yara. Ta fahimta, ta ce gara da ta tambaya.

Na haɗa wa Baba shayin dare da sabuwar madarar, na rage sukari zuwa cokali ɗaya. Ya kurɓa ya ce ba ta da jiki a baki, kuma gaskiyarsa ce, man ne ke ba madara wannan santsin. Na ƙara masa citta da kanumfari, ya shanye. Ya ce furar gobe a gwada masa da tsalan, shi da shi ya tashi a ƙauye, ba baƙonsa ba ne.

Bayan na dawo ɗakina na buɗe littattafaina da intanet don in tabbatar da abin da zan gaya wa Yaya. Binciken da likitoci suka fi dogara da shi a wannan magana an yi shi ne a Amurka, aka buga a 1997, ana kiransa DASH. An ba mutane 459 abinci na mako takwas. Waɗanda aka ba kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da madara mai ƙarancin maiƙo, aka rage musu kitse, jininsu ya sauka, kuma a cikin masu hawan jini lambar sama ta awon jini ta ragu da kusan 11, ta ƙasa da 5 da rabi. Wannan ragi ne da ake samu daga ƙwayar magani. Amma tsarin abincin gaba ɗaya ne ya yi aikin, madarar ɓangare ce kawai. Akwai kuma wani babban bincike mai suna PURE da aka buga a 2018, wanda ya bi mutane sama da 130,000 a ƙasashe 21, ya ga masu shan madara da nono sun fi ƙarancin ciwon zuciya, har da masu shan mai cikakken maiƙo. Masana suna ta muhawara a kai har yanzu. Abin da na ɗauka shi ne lafiyayyen matashi mai aikin ƙarfi ba shi da dalilin gudun kindirmo. Baba kuwa yana da shekaru, da ƙiba, da kwalastarol a sama, kuma kofi biyu na sabuwar madarar a maimakon tsohuwar suna rage masa maiƙo kusan giram 16 a kowace rana ba tare da ya rasa furotin ko kalsiyam ba. A gare shi sauyin yana da ma'ana, kuma ina tare da jami'ar nan ɗari bisa ɗari.

Na kira Yaya na karanta masa duk wannan. Ya ce zai riƙa sayen gwangwanin shayi duk wata, ni in ɗauki kuɗin tsala. Za a sake gwajin jini bayan wata uku.

Abin da ya rage shi ne gishiri da magi da man shanun da Umma ke kwararawa a miyar kuka. Jami'ar ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi, kuma ta ce wannan ya fi madarar tasiri a kan hawan jini. Na fara taɓo maganar ɗazu, Umma ta ce shekara arba'in tana yi wa mijinta girki ba wanda ya koya mata awo. Ban ja ba. Yaya zai zo ranar Juma'a bayan masallaci, ta fi jin maganarsa, za mu zauna da ita mu biyu.