Sugan Baba ya kai 260 alhali bai taɓa ciwon suga ba

Kwanan Baba biyu a sashen kulawa ta musamman bayan aikin hanji da akai masa, nas ta soki ɗan yatsansa ta ɗiga jinin a na'ura, ina leƙawa naga 260. Wallahi gabana sai da ya faɗi, mutumin da ba'a taɓa ce masa yana da suga ba, kuma tun kafin aikin ko koko bai kurɓa ba, to daga ina?

Likitar ce ta ja ni gefe tace Malam ka kwantar da hankalinka. Wai in ciwo yai tsanani jiki kan saki sinadarai biyu, kotisol da adiranalin, daga wasu ƴan halittu dake saman ƙoda, su suke sa hanta ta dinga haɗa suga tana zubawa cikin jini ko mutum bai ci komai ba, insulin ɗin jikin kuma, wato sinadarin dake sauke suga, ya daina tasiri yadda ya saba.

Nace to a sauke shi zuwa 100 mana, tace a'a, tsakanin 140 da 180 suke nema da insulin ɗin da suke sa masa. Raina bai so ba gaskiya, sai da na je na karanta da kaina. A 2001 anyi bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam kan marasa lafiya 1,548 dake sashen kulawa ta musamman, aka matse sugan wasu tsakanin 80 da 110, mace-mace ta ragu daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 4.6, asibitoci da dama suka bi. Sai a 2009 wani binciken mai suna NICE-SUGAR a Ostireliya da Niyuzilan da Kanada, mutum sama da 6,000, ya nuna waɗanda aka matse wa sugan sun fi mutuwa cikin kwana 90, kashi 27.5 su kuma waɗanda ba'a matse wa ba 24.9, kuma sugansu yafi yawan faɗuwa ƙasa warwas.

Wannan faɗuwar ita ta tsaya min a rai. Mai lafiya in sugansa ya faɗi zaiji karkarwa da gumi ya nemi abin sha, Baba kuwa yana kwance da bututu a baki an bashi maganin barci, ta yaya zai faɗa? Shi yasa nas ɗin nan take dawowa da allurarta kusan duk awa har asuba, yatsunsa duk sukai ɗigo-ɗigo.

Rana ta shida zazzaɓin ya sauka, sugan ya biyo shi, aka cire insulin ɗin. Ance mu dawo dashi gwaji bayan wata uku.