Abin da na ɗauka daga ɗakin hotunan bugu

Wa'adina a sashen hotunan bugu na gidan tarihin ya ƙare, kuma akwai abin da nake so wanda zai gaje ni ya sani.

A cikin akwatunan ƙarni na 17 akwai hoton wani mahayi sanye da sulke, riƙe da sandar jagoran yaƙi. Kundinmu ya ce Sarki Charles na Ɗaya na Ingila ne, ba ƙari. Da na haska takardar a kaikaice sai na ga layukan da ke kewaye da kan ba su tafi daidai da na sauran jikin ba. Aikin masassaƙi Pierre Lombart ne, wanda ya kwaikwayi zanen da mai zane Van Dyck ya yi wa sarkin a 1633. An sare kan Charles a 1649, kuma a kan allon jan ƙarfen da aka buga wannan hoton da shi an taɓa sassaƙa fuskar Oliver Cromwell, jigon waɗanda suka kifar da shi, daga baya aka goge aka sa ta sarki. Doki da sulke da sanda suna nan yadda suke. Su ne ke ɗauke da mulkin, kamar yadda a hawan sallah ake gane sarki da laima tun daga nesa, kafin a ga fuskarsa. Allo ɗaya kuwa yana fitar da ɗaruruwan kwafi, shi ya sa masu mulki suka damu da shi.

Na kai wa shugabar sashe wannan bayani. Ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ce aikina shigar da lambobi ne, nazari yana da masu shi. Da baje kolin bana ya zo, sai ga bayanina a bango, kusan kalma da kalma, da sunanta a ƙasa. Har yau abin yana ci mini rai. Na dai san idon wa ya fara gani.

Don haka duk abin da ka gano, rubuta shi da kwanan wata ka aika ta imel kafin ka faɗa da baki. Ka riƙa karanta ƙananan sunayen da ke ƙasan hoto, yawanci mai zanen asali a hagu, masassaƙi a dama. A hotunan masassaƙi Robert Nanteuil na fadar Sarki Louis na 14 na Faransa, tambarin gida da ke ƙarƙashin zoben da ya kewaye hoton yakan nuna maka zuriyar mutum ko da rubutun ya goge. Akwati na bakwai kuma ban gama shi ba.