Asabar: ranar da jif ɗina ta zama a-kori-kura

Ƙafata har yanzu fari fat take da ƙurar siminti, na yi wanka sau biyu amma a banza.

Tun bayan sallar asuba magini ya kira ni, wai yau zai fara filasta a ɗakin Hajiya, kuma ba ko buhu ɗaya a ƙasa. Kafinta shi ma yana jiran katako, ga hadari ya fara haɗowa kullum da yamma. Na tafi Sabon Garin Zariya da ƙanena, na sayi siminti buhu 10 da katako falle 8. Mai a-kori-kura ya faɗi kuɗinsa zuwa Tudun Wada, na ji kamar ya mare ni. Na dubi RAV4 ɗina, na ce ai ga mota, me za a yi da kuɗin dako?

Mai shagon ya ce, “Alhaji, ka raba shi sawu biyu mana.” Na ce masa man fetur ɗin wa zai biya?

Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa tsohuwar leda, 'yan dako suka fara jerawa. Kowane buhu kilo 50 ne, kenan kilo 500 cif, rabin tan, ban da ni da ƙanena da katakon da muka ɗaure a sama. A buhu na bakwai na ga bayan motar ya zauna, taya ta kusa shigewa cikin bodi, gaba kuma ya ɗaga kai kamar raƙumi. Na yi kamar ban gani ba. Katakon ya zarce ta baya, ƙanena ya ɗaura masa jan ƙyalle don masu babur.

Abin da ban taɓa ji ba shi ne sitiyari ya yi sakayau a hannuna, sai ka ce tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Birki ma sai na taka da wuri, don nauyin yana tura motar. Daga PZ har muka haye gadar Kubanni tafiyar hawainiya nake yi, masu keke napep suna ta zuba mini ham. A wani rami da ruwa ya ɓoye sai muka ji ƙum! daga ƙasa, salansa ta daki kwalta. Ƙanena ya ce, “Yaya, wallahi motar nan kuka take yi.”

Mun isa dai. Buhu ɗaya ya fashe a hanya, ƙurar ta shige kafet da ramukan iskar sanyi. Igiyar ma ta goge fenti a saman ƙofa.

Da la'asar na leƙa wurin bakanikena, ya danna bayan motar da hannu, ta yi ta lilo ba ta tsaya ba. Shokozoba ɗaya tana yoyon mai. Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya, bai ma kai kilo 500 ba. Shekara nawa ina shiga ta ƙofar nan ban taɓa karanta ta ba.

Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai ta miƙo mini tsintsiya da tsumma. Rodi da kwanon rufi kuwa sai Litinin, na riga na karɓi lambar mai a-kori-kurar nan.